Kama-bakin Tebur na Uku

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin aka tarar da tiyon tebur na uku yana reto, ƙarshensa a wangame babu komai. Kama-bakin da ke jikinsa ya yi ɓatan dabo. Kafin ƙarfe takwas manaja ya sa an garƙame ƙofar kamfani, ya ce ko kaza ba za ta fita ba, sannan ya aika a kira masa Sanda Garba, shugaban masu gadi.

Kamfanin yana bakin titin Zariya ne, gab da Rigachikun, sana'arsa ƙera ƙananan tukwanen gas irin waɗanda ake ɗaura wa murhu a ka. Babu tukunyar da ke fita sai ta hau teburin gwaji. Mai gwaji zai danna mata kama-baki, wani ɗan ƙarfe da bai wuce dunƙulen hannu ba, ya ce ƙas, ya cafke bakinta na tagulla, zoben robar da ke cikinsa ya toshe ko'ina. Sai a ɗura mata iska, a zuba wa allurar agogo ido na rabin minti. In allura ta tsaya cak, mai gwaji ya buga hatiminsa a kafaɗar tukunya. In ta sauka akwai yoyo ke nan, sai ya ja mata jan alli a kai ta kusurwar marasa lafiya. A da sai da sufana da gumi ake ɗaura tiyo. Yanzu ka ja zobe ya fita, ka danna ya shiga, don haka wanda ya ɗauke ƙarfen nan bai ɓata ko daƙiƙa biyu ba.

Da ɓatan ƙarfe ne kawai da abin da sauƙi. Ranar Asabar da yamma ɗaya daga cikin tukwanen kamfanin ta kama da wuta a Rafin Guza, a hannun wata Sumayya mai tuyar awara. Tana kwance a asibiti, hannuwa biyu da ƙirji. A kafaɗar tukunyar kuwa ga hatimi mai lamba uku raɗau, kuma duk Rafin Guza sun san mai lamba uku, domin 'yar unguwarsu ce, Hassana Abdullahi. Ita da bakinta take ce wa maƙwabta in za su saya su duba lamba uku, wannan hannunta ne ya gwada. Tun asuba mijin Sumayya, Salim, ya zo bakin ƙofar kamfani da mutane kusan hamsin.

Alhaji Sulaiman manaja ya ɗaga labulen tagarsa da yatsa ɗaya, ya leƙa, ya saki.

"Malam Sanda, ka ga mutanen nan?"

"Na gan su, ranka ya daɗe."

"Na yi magana da 'yan sanda. Bayan la'asar za su turo mota, na ce zan miƙa musu mutum ɗaya. Hatiminta ne a jikin tukunya, kama-bakin teburinta ne ya ɓace. In ka samo min wani kafin lokacin, to. In ba ka samo ba, ita ce."

"Ko tambayarta ba a yi ba, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa na kira ka."

Tukunyar da ta ƙone tana girke a ƙasa kusa da teburin manaja, baƙa ƙirin, dillalin kamfani ya yi wuf ya ɗauko ta tun jiya. Sanda ya tsuguna ya duba hatimin. Uku ne, babu tababa, kuma sai ya ji ransa ya ɓaci kamar shi ya buga shi.

Shekara ashirin da biyu Sanda ya yi yana bin sawun shanun sata a dazuzzukan da ke bayan Rigachikun, har zuwa lokacin da daji ya fi ƙarfin mai sanda da takalmin roba. Mutum ne da zai dubi ƙasa ya gaya maka saniyar gurguwa ce, mai korarta kuma yana sauri. Ga shi yau an kawo shi kan siminti, simintin da ake sharewa safe da yamma. Shi ya tsaya wa Hassana ta samu aikin nan. Mahaifinta abokinsa ne tun ƙuruciya, mai gyaran keken ɗinki, ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku ke nan, kuma aikin Hassana ne ke riƙe da gidan.

* * *

A ɗakin sallar mata aka kulle ta. Ɗaki ne da taga ɗaya can sama, mai ƙarafa, ta nan ihun bakin ƙofa ke shigowa. Tana zaune a kan tabarma ta haɗa kai da gwiwa.

"Baba, da gaske sunana suke kira?"

"Kada ki saurare su. Ni za ki saurara. Yaushe kika ga kama-bakinki na ƙarshe?"

"Asabar da muka tashi. Na goge shi na rataye tiyon yadda na saba."

"Hatimin fa?"

"Kullum yana kan ƙusa a gefen tebur. Wa zai taɓa shi?"

"Kin taɓa buga shi ba ki kalli allura ba? Ko sau ɗaya, don gajiya? Ni ne Sanda, gaya min."

Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi. "Baba, Sumayya katanga ɗaya ta raba mu. Ni na ce ta sayar da rishonta ta sayi gas. Wallahi har zagina ake yi a layin nan don na cika kayar da tukwane. Da zan yi ha'inci da tuni na huta da baƙin jini."

"Babu wani abu da kika lura da shi kwanan nan? Ko mara amfani ne."

"Sai dai ranar Juma'a da yamma nakan ji hannuna yana ƙarnin nama. Na ɗauka hayaƙin mai tsiren bakin ƙofa ne ke shigowa."

Ya yarda da ita. Amma yardarsa ba za ta tsayar da motar 'yan sanda ba. Ya fito ya mayar da kwaɗo da hannunsa, ƙarar kwaɗon ta yi masa ciwo ƙwarai.

* * *

A zauren aiki an kashe injuna, an kashe manyan fankoki, kwanon rufi ya fara gasa mutane tun hantsi. Ma'aikata sittin suna zaune jugum-jugum a kan akwatuna, kowa yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. Da Sanda ya shigo sai baki ya zo ɗaya: a tambayi Suhaib makaniki, an gan shi a wajen tebur na uku tun kafin bakwai.

Suhaib bai jira a matsa masa ba, ya juye akwatin kayansa a ƙasa. Cikin sufanu da ƙusoshi sai ga kama-baki ya gangaro. Zaure ya ɗauki salati.

"To ga shi nan!" in ji wani daga baya.

Sanda ya ɗauka, ya juya shi, ya ja zoben. Ya ƙi motsi, tsatsa ta cinye shi.

"Wannan ya shekara bai ciji tukunya ba," in ji shi. "Me kake yi da shi?"

"Zoben roba nake nema a cikinsa, Baba Sanda. Wata huɗu ina rubuta a kawo sababbi, kullum sai a ce suna hanya. Na jikin teburan nan duk sun cinye. Roba in ta cinye, iska ta gefenta take tsiyaya, allura ta sauka, a ɗora wa tukunya laifin da ba nata ba. Yau da safen ma abin da ya kai ni wajen ke nan, amma tebur na biyu na duba. Na uku yana bayan ginshiƙi, ban ko leƙa ba."

"In robar ta cinye ba abin da ake shafa mata?"

"Haramun ne a nan. Giris yana sito a kulle, baƙi ne kuma, ka shafa kowa ya gani. Wanda ya shafa wa bakin gwaji maiƙo ai ya rufe wa agogo ido."

Sanda ya miƙa masa ƙarfensa. Waɗanda suka yi salati ɗazu suka koma suka zauna, ga alama ba su ji daɗin rasa ɓarawo ba.

* * *

Salamatu ta tebur na biyu ita ce ta gaba, domin kowa ya san ba sa ga maciji da Hassana. Mace ce mai baki, ta zo tana fifita da murfin kwali.

"Baba, in kana jira in yi kuka ne, ba zan yi ba. Yarinyar nan ta mayar da mu ragwaye. Mu in allura ta ɗan motsa sai mu sake danna kama-baki mu gwada. Ita ko motsin gashi ta gani, jan alli. Rabin kusurwar marasa lafiya nata ne. Kullum Injiniya, shugaban layinmu, yana shan faɗa a ofis saboda ita."

"To ke kika ɗauke mata kama-baki don ki huce."

"Ni? Da farcen nan nawa?" Ta nuna masa yatsunta masu sabon lalle. "Ina ƙin halinta, amma ba zan yi mata ƙarya ba. In aka ce min Hassana ta kayar da lafiyayyar tukunya, zan rantse an yi. In aka ce ta wuce da mai yoyo, sai na gani da idona."

"Marasa lafiyan ina ake kai su?"

"Ai cewa aka yi ana narkarwa. Ni dai nakan ga tulin ya kai rufi ranar Alhamis, ranar Asabar ya dawo ƙugu. Ban taɓa ganin motar da ke kwasa ba. Amma ni wa? Ba a biya na don in gani ba."

Injiniya Rilwanu, shugaban layi, yana ɗan ofishinsa na gilashi a ƙarshen zaure. Shi ya fara ganin tiyon babu kai, shi ya kai wa manaja labari. Saurayi ne mai ladabi, ɗan gidan ma'aikata daga Unguwar Sarki, irin waɗanda ke gaishe da mai gadi da hannu biyu. Zafi ya sa ya tuɓe farar rigarsa ta aiki ya rataye a ƙusa, ya rage daga shi sai shat.

"Baba, abin nan ya dame ni. Hassana ma'aikaciya ce, amma mutum ajizi ne. Tukunya ɗari uku a wuni, ido yakan gaji."

"Marasa lafiya fa, Injiniya? An ce tulin yana raguwa."

"Ana sake duba wasu. Aikin ofis ne wannan, Baba, ba zai taimake ka ba."

Ya faɗa da murmushi, Sanda ma ya yi murmushi ya fito. Bai samu komai ba sai ƙarin gumi.

* * *

Aka yi azahar a cikin zaure, tunda masallacin yana wajen katanga. Bayan sallama Sanda bai tashi ba. Ya jingina da ginshiƙin da ya kare tebur na uku, ya miƙe ƙafa, yana jin yadda ake dukan ƙofar waje da duwatsu. An caje jakunkuna, an caje makewayi, an leƙa kwata. Ƙarfe bai fita ba, tunda ba wanda ya fita, amma a zauren da ke da ƙarfe dubu goma ina za ka nemi guda ɗaya? Ya tsine wa siminti a ransa. Da ƙasa ce da tun hantsi ya gama.

Wani abu ya cije shi a idon sawu. Ya kai hannu ya murje, ya duba: kiyashi. Ya sake dubawa sai ya ga ba ɗaya ba ne, jeri ne siriri kamar zare, ya fito daga tsagar gindin bango ya bi gefen ginshiƙi. Sanda ya gyara zama. Me kiyashi zai ci a inda babu komai sai ƙarfe da fenti? Ba a shigo da abinci zauren nan, shi da kansa yake ƙwacewa a ƙofa.

Ya bi jerin da rarrafe, dattijo ɗan shekara sittin, ma'aikata suna kallonsa suna taɓa juna. Jerin ya zagaya bayan tulin marasa lafiya inda ido ba ya kaiwa, ya hau jan bokitin yashin da aka ajiye don kashe gobara, ya nutse a tsakiya. Sanda ya tura hannu har wuyan hannu. Yatsunsa suka taɓa ƙarfe.

Kama-bakin ne, da lamba uku a gefensa. Ya kakkaɓe yashin, ya sa farce ya ɗaga zoben robar. A bayansa wani farin abu ya taru ya daskare. Ya shinshina. Kakide ne, kitsen shanu da aka soya, irin wanda mai tsire ke shafa wa nama.

Nan take ya gane yadda aka yi. An shafa kakide a bakin gwaji, iska ta tura shi ya cike 'yar tsagar da ke bakin tukunya, allura ta tsaya cak. Tukunya ta je gida, aka ɗaura mata murhu a ka, wuta ta ɗumama tagulla, kitse ya narke, tsaga ta buɗe a ƙarƙashin kaskon mai.

Murnarsa ba ta kai minti ɗaya ba. Kama-bakin wa? Na Hassana. Hannun wa ke ƙarnin nama? Ita ta faɗa da bakinta. Ya tono abin da zai ɗaure ta da kyau, ya fi hatimin ma. Ba wanda ya gan shi a bayan tulin nan. Zai iya mayar da ƙarfen cikin yashi ya shafe, ya tashi ya ce bai ga komai ba. Ya daɗe a tsugune da abin a hannu, kunya da tsoro suna cinsa, domin ya san ya yi tunanin kuma ya so shi.

Da ya yunƙura zai tashi gwiwarsa ta ƙi, ya dafa wata tukunya, ta kife ta gangara. A ƙarƙashinta, cikin zoben da take zama a kai, ga gicciyen jan alli. Ya kifa ta kusa da ita: babu. Ya kifa wata: akwai. Ya kira Salamatu da hannu.

"Wannan fa?"

"Iyayin Hassana ne. Wai na kafaɗa yana gogewa in an jera su, sai ta ƙara wani a gindi. Ita kaɗai ke wannan wahalar."

Sanda ya sa ƙarfen a aljihu. Kafin ya bar wurin ya sake duban ƙasa, domin mai bin sawu ba ya tashi a inda sawu ya rabu. Jerin kiyashin bai ƙare a bokiti ba. Wani reshe ya ɓalle ya bi gindin bango, ya nufi ƙarshen zaure. Ya bi shi da ido kawai har inda ya shige, sannan ya tafi ofishin manaja.

* * *

Ana kiran la'asar ya tara su a gaban ofishin gilashi: manaja, da Rilwanu, da Suhaib, da Salamatu, da Hassana wadda ya buɗe da kansa. Sauran ma'aikata suka yi musu zobe. Ya sa aka kawo ƙonanniyar tukunyar aka girke a tsakiya.

Ya fito da kama-bakin, ya nuna kakiden, ya bayyana aikinsa. Alhaji Sulaiman ya sauke ajiyar zuciya.

"To ai magana ta ƙare. Nata ne."

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe. Suhaib, kifa min ita."

Suhaib ya kifa tukunyar. Wuta ta cinye sama da gefe, amma gindin da ya zauna a ƙasa bai ƙone ba. Gicciyen jan alli yana nan kamar yanzu aka ja shi. Hassana ta dafe ƙirji.

"Na kayar da ita," ta ce. "Baba, wannan na kayar da ita!"

"Kin kayar da ita. Wani ya ɗauko ta daga kusurwa, ya goge allin kafaɗa, bai san da na gindi ba. Ya shafa kitse, ya gwada a teburinki da ke bayan ginshiƙi, ya ɗauki hatiminki a ƙusa ya buga. Aikin nan yana son zaure babu kowa, kuma sau ɗaya a mako zauren nan ke zama babu kowa. Ranar Juma'a, maza muna masallaci, mata suna ɗakinsu. Ni ya kamata in kulle shi. Mako shida ke nan ina ba wani mabuɗi, don yakan ce in yi gaba kada in rasa huɗuba, zai kulle ya biyo ni. Wannan laifina ne, na ɗauka."

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san wanda ake nufi. Rilwanu ya yi 'yar dariya.

"Baba, riƙe mabuɗi ai ba laifi ba ne. Kowa zai iya shigowa ta baya."

"Haka ne, Injiniya. Shi ya sa ban ce kai ba ne. Wanda ya cire ƙarfen nan da safe bai ratsa zaure da shi a hannu ba, a aljihu ya sa shi, kuma kitse ba ya jure ɗumin jiki. Ɗauko mana farar rigarka."

Rilwanu bai motsa ba. Salamatu ce ta shiga ta zaro rigar daga ƙusa, ta yi ƙara ta yar da ita tana kakkaɓe hannu. Aljihun dama ya yi tabon maiƙo kamar faɗin tafi, kiyashi sun yi masa baƙi.

Ana jin muryar Salim daga waje. Rilwanu ya nemi akwati ya zauna.

"Robar ce ta cinye," ya ce a hankali, yana kallon ƙasa. "Suhaib ya sani. Cikin goma da take kayarwa, tara lafiyarsu ƙalau. Na rubuta, na sake rubutawa. Yallaɓai ya ce in tulin nan ya sake kai rufi in nemi wani aikin. Ni robar nake gyarawa, wallahi robar kawai. Giris zai nuna, sai na karɓi kakide wurin mai tsire. Ina gamawa in goge. Ban taɓa zaton zai shiga tsaga ba."

"Tara lafiyarsu ƙalau," in ji Sanda. "Wannan ita ce ta goman."

Alhaji Sulaiman ya fara kame-kame, wai shi bai ce a shafa komai ba, wai zobban suna hanya. Sanda ya ji tausayin saurayin, bai so ya ji ba amma ya ji. Sai dai tausayin bai kai ya manta cewa tun safe Rilwanu yana kallon ɗakin da aka kulle Hassana, yana cewa ido yakan gaji.

Hassana ba ta zage shi ba. Ta matso har gabansa.

"Injiniya, guda nawa?"

Bai ɗago ba.

"Guda nawa ka buga wa lambata?"

"Arba'in, wani makon hamsin."

"Mako shida," in ji Sanda.

Ta juya ta dubi Sanda, fuskarta ta fi ta ɗazu tashin hankali. Ta fita daga hannun 'yan sanda, amma tukwane kusan ɗari uku suna cikin ɗakunan mutane da sunanta a kafaɗa, kuma ta san unguwar da aka fi neman lamba uku.

* * *

Motar 'yan sanda ta iso tana ta oda a bakin ƙofa. Manaja ya ce a fitar da Hassana ta ƙofar baya, a kuma yi shiru da maganar sauran tukwanen har ya yi waya da masu kamfani.

"Ta gaba zan fita," in ji Hassana.

"Malam Sanda, kada ka buɗe mata. Umarni ne."

Sanda ya dubi mabuɗin da ke hannunsa. Shekara tara yana cin abinci da shi, ya kuma san in ya juya shi yanzu ba zai sake riƙe shi ba. Ya saɓa ƙonanniyar tukunyar a kafaɗa, ya ce wa Hassana ta tsaya a bayansa, ya buɗe.

Taron ya yunƙuro. Wani dutse ya wuce ta gefen kunnensa ya daki ƙofa. Ya ɗaga tukunyar sama, gindinta yana kallon mutane, ya yi irin tsawar da yake yi wa garke a da.

"Ku dubi jan allin nan! Alamarta ce ta cewa tukunya ba ta da lafiya. Ta kayar da ita, wani ya fitar. Yana ciki, ga 'yan sanda za su shiga su ɗauke shi."

Hayaniyar ta ragu, ba ta mutu ba. Hassana ta fito daga bayansa, ko mayafinta ba ta gyara ba.

"Jama'a, ni na ce ku sayi lamba uku, ku yafe min. Kowa ya kira gida yanzu. Kada a kunna. A kifa tukunya a duba gindinta, in da jan alli a fitar da ita tsakar gida, nesa da wuta. Don Allah yanzu, ba anjima ba."

Hannuwan da ke riƙe da duwatsu suka shiga laluben waya. Salim kaɗai bai motsa ba. Dogo ne, rigarsa duk tabon maganin ƙuna, idanunsa sun faɗa don rashin barci. Ya dubi allin, ya dubi Hassana, leɓɓansa suka yi ta motsi kafin magana ta fito.

"Biyu na saya," ya ce. "Ɗayar na kai wa Inna. Ba ta da waya, kuma ana idar da la'asar take ɗora tuwo."

Sanda ya saki tukunyar da mabuɗin a ƙasa, ya ruga inda babur ɗinsa yake. Kafin ya tayar da shi Salim ya haye bayansa, Hassana kuma ta riga ta tare wani mai adaidaita a tsakiyar titi, tana dukan gilashinsa da tafin hannu tana kiran Rafin Guza.